Akanta ya ce in sallami 'yan maketin, in yarda?

Tambaya: Salam Malam, don Allah ina da ƙaramin kamfani, mu tara ne, akwai masu haɗa kaya da akanta da mai kula da ma'aikata sai yara biyu 'yan maketin. Wata uku kenan ciniki ya ja baya, akanta ya dage wai a sallami yaran nan tunda cin kuɗi kawai suke, wai kaya mai kyau shi ke sayar da kansa. Ni dai raina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Akantanki ba mugu bane fa, aikinsa kenan ya ga inda kuɗi ke zurarewa, sai dai shi da ya ji maketin talla yake gani, alhali talla ɗan yanki ne kawai. Tun 1960 wani malamin jami'a a Amurka, Jerome McCarthy, ya raba aikin maketin kashi huɗu, wato wane kaya za a yi, nawa za a sa masa, ta wace hanya zai isa hannun mai saye, sannan a ƙarshe talla. Kinga uku daga ciki ana yanke su tun kafin a buga hoto ko ɗaya a Facebook.

Shi yasa nake cewa maketin shi ne kunnen kamfani, masu haɗa kaya sun iya haɗawa amma wa zai gaya musu abin da kwastoma ke so, akanta ya iya lissafi amma lissafin me zai yi in kaya na jibge a sito ba mai ɗauka, albashin ma'aikatan ma ai daga aljihun kwastoman nan yake fitowa.

Maganar kaya mai kyau kuma, Henry Ford, mai kamfanin motocin Ford a Amurka, ya gwada. Motarsa Model T ta fito 1908, ga ƙarko ga araha, amma shekara da shekaru baƙa kaɗai yake fitarwa, su kuwa abokan gasarsa, kamfanin motoci na General Motors, suka lura mutane sun fara son launi da sabon samfuri da biya kaɗan kaɗan, suka ba su. A 1927 dole Ford ya dakatar da Model T. Masana'antarsa lafiyarta ƙalau wallahi, sauraro ne ya yi ƙaranci.

Toh amma ban ce yaranki sun wanke ba. In aikinsu bai wuce ɗora hotuna da ƙirga masu yin layik ba, akanta na da gaskiya rabi. Ki ba su sati biyu su kira kwastomomin da suka daina zuwa su ji dalili, farashi ne, inganci ne, ko kuwa kayan ne baya isa da wuri. Sai su zauna da akantan a fitar da nawa ake kashewa kafin a samu sabon kwastoma ɗaya da kuma nawa yake kawowa a shekara. Ki aiko min da abin da suka samo, daga nan sai mu yi maganar sallama.