Kashi 7.4 a rediyo, ƙaramar malmala a Garwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da tuwo kusa da tashar mota a Garwa. Na ji a rediyo wai a 2023 tsadar kaya ta ƙaru da kashi 7.4 cikin 100 a Kamaru. Wane kaya, Malam? Ni a shekarar masara da man gyaɗa sun kusa karya ni, dole na rage girman malmala. Masu lissafin nan suna shiga kasuwa kuwa, ko a ofis suke ƙirƙira?
Wata mai tuwo-tuwo, Garwa

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Suna shiga. Ma'aikatan hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, duk wata suna zaga kasuwannin manyan biranen jihohi, har da Garwa da Marwa da Ngaundere, suna rubuta farashi. Sai dai ba tukunyarki suke aunawa ba. Kwando ɗaya suke haɗawa, a zuba abinci da kuɗin haya da na makaranta da tufafi da kiran waya da kuɗin mota, kowanne da nauyinsa gwargwadon yadda gidaje ke kashe kuɗi, sannan a gauraya na Duwala da Yawunde da namu. Idan masara ta yi tsalle, kiran waya ya tsaya cak, lissafi sai ya sauka a tsakiya. Ke kuwa kusan duk jarinki a hatsi da mai da itace yake.

Su kansu sun nuna cewa a shekarar abinci da sufuri sun fi sauran kaya hawa. A watan Fabrairun 2023 litar fetur ta tashi daga sefa 630 zuwa 730. Ƙarshen Mayu kuma Najeriya ta janye tallafin mai, zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake fasa-ƙwaurinsa daga can, wanda 'yan acaɓanmu suka dogara da shi ya bi sahu. Rediyo dai ta ɗauki adadi ɗaya ta bar sauran.

Amma ban ga laifinki ba da kika yi shakka, don an ba mu dalili. Ina malamin makaranta aka ɗauke ni aikin ƙidayar jama'a a watan Nuwamban 2005. Wani dattijo a wata ruga ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo kindirmo, sai da na sha ya tambaye ni a hankali: "Ɗana, jangali ne ya dawo?" A saninsa, tun zamanin Nasara ba a ƙirga mutum ko saniya sai za a karɓi wani abu. Na rantse masa cewa sirrinsa a rufe yake, kuma da wannan lissafi ake sanin inda za a gina aji da asibiti. Ya kira 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, har da jaririyar da aka ɓoye a bukka. Sakamako bai fito ba sai 2010, aka ce mu miliyan 17 da kusan rabi ne. Jaririyar nan ta isa shiga makaranta kafin a faɗi adadinta. Kafin wannan ƙidaya kuwa, 1976 da 1987 kaɗai aka yi. Har yau in na tuna rantsuwar nan nakan ji nauyi.

Duk da haka ba zan ce ki watsar da alƙaluma ba, don su ne shaidarmu. Binciken gidaje na 2014 ya nuna talauci kashi 37.5 ne a ƙasa baki ɗaya, amma 67.9 a jihar Arewa, 74.3 a Arewa Mai Nisa. Gwamnati ce da kanta ta buga, shi ya sa ɗan majalisa ba ya iya cewa sharrin 'yan adawa ne. Majalisar Ɗinkin Duniya ma, a ƙa'idojin da ta amince da su a 2014, ta ce haƙƙin ɗan ƙasa ne a ba shi irin wannan bayani ba son kai. Ni zan ƙara da cewa a ba shi da wuri, kuma da harshen da yake ji, ba Faransanci a intanet kawai ba.

Ki sayi littafin ɗari biyu, Hajiya, duk Juma'a yaro ya rubuta miki farashin kwanon masara da litar mai. In an buɗe layi a rediyo ki kira, ki ce a karanta na Garwa daban, na abinci daban, da Hausa da Fulatanci, ki kuma karanta musu naki.