Shin dole ne gwamnati ta bi sakamakon ƙuri'ar neman shawara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji an ce ƙuri'ar raba gardamar da ta fitar da Birtaniya daga Tarayyar Turai ta neman shawara ce kawai. Ashe ke nan gwamnati tana da ikon yin watsi da sakamakon? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. A doka tana da wannan ikon. Dokar 2015 da ta shirya ƙuri'ar ba ta wajabta aiwatar da sakamakon ba, kuma a Janairun 2017 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukuncin cewa sai majalisa ta amince kafin gwamnati ta miƙa takardar ficewa.

Sai dai gwamnatin Firaminista David Cameron ta riga ta ɗaure kanta, domin kafin ranar ƙuri'ar, wato 23 ga Yunin 2016, ta aika wa gidaje takarda tana alƙawarin aiwatar da duk abin da jama'a suka zaɓa. Da kusan kashi 52 cikin ɗari suka zaɓi ficewa, babu fuskar da za ta dawo ta ce shawara kawai ta nema, ko da yake yawancin 'yan majalisar sun fi son a zauna. A ganina nan ne gizo ke saƙar: alƙawarin da aka yi kafin a kaɗa ƙuri'a ya fi sunan da doka ta ba ta nauyi.

Akwai ƙasashen da suka saɓa wa sakamakon. A Suwidin, fiye da kashi 80 cikin ɗari sun zaɓi ci gaba da tuƙi a hannun hagu a 1955, amma a 1963 majalisa ta yanke shawarar mayar da shi hannun dama, aka aiwatar a 1967, saboda maƙwabtan ƙasar duk a dama suke tuƙi. Wannan ina yi masa uzuri, domin an ɗauki shekaru ana bayyana dalilin a fili.

Abin da ba na yi wa uzuri shi ne na Girka a 2015, inda kashi 61 cikin ɗari suka ƙi sharuɗɗan masu ba da bashi, kamar yadda gwamnatin Firaminista Alexis Tsipras ta roƙe su, amma bayan mako guda Tsipras ya amince da sharuɗɗan da ba su fi waɗancan sauƙi ba. Abin da ya rage masa laifi shi ne ya yi murabus a Agusta, ya koma gaban masu zaɓe a Satumba, suka sake zaɓensa.