Amsoshin Tambayoyinku: In sayi hemp agrimony in dasa a bayan gida?

Wata 'yar'uwa da ke zaune a Manchester ta Ingila ta rubuto cewa bayan gidansu akwai wani lungu da ruwa ke kwanciya, duk abin da ta shuka sai ya ruɓe. A shagon furanni an nuna mata wani tsiro wai shi hemp agrimony, amma da ta ga ganyen sai gabanta ya faɗi don kamar na wiwi yake. Tana tambaya ta saya ko ta haƙura?

'Yar'uwa ki kwantar da hankalinki, ba wiwi ba ne, ko dangi ba su haɗa ba. Ganyen ne kawai ya rarrabu kamar yatsu uku zuwa biyar shi ya sa Turawa suka liƙa masa wannan suna, don hemp a Turanci sunan tsiron wiwi ne, a kimiyyance kuma Eupatorium cannabinum ake ce masa. Asalinsa ɗan can Turai ne, a bakin rafi da kwalbati da fadamunsu yake fitowa da kansa ba wanda ya shuka shi, kin ga kenan wannan lungun naki da ya gagari sauran furanni shi kam gidansa ne. Yana kai mita 1 zuwa 1.5, karan jaja-jaja, daga Yuli zuwa Satumba ya yi fure ruwan hoda tuli-tuli a samansa kamar an ɗora masa auduga, kuma in rana ta fito za ki ga malam-buɗe-littafi da ƙudan zuma sun yi dafifi a kai, wani ya tashi wani ya sauka. Ni dai ina son tsiron nan gaskiya.

Shawarata ki sayi wanda ya riga ya tsiro a tukunya, kar ki wahalar da kanki da iri. Guda biyu ma sun ishe ki, ki bar wajen santimita 60 zuwa 90 a tsakaninsu don gindin yana faɗi duk shekara. Ki dasa wajen Maris ko Afrilu in sanyi ya fara ja baya, a inda yake samun rana ko 'yar inuwa kaɗan, shekarar farko kuma kar ki bari ƙasar ta bushe ko sau ɗaya, in ya ji ƙishi nan da nan za ki ga ganyen ya langaɓe. Taki ba ya buƙatar wani mai yawa. Da hunturu zai bushe ƙurmus kamar ya mutu, kar ki tuge shi don Allah, saiwar na nan da ranta, ki sare busasshen karan kusa da ƙasa kawai zai sake tohowa. Bayan shekara uku ko huɗu kina iya haƙo gindin ki raba shi ki ba maƙwabta.

Abu biyu ne zan ja miki kunne a kai. Irinsa yana da gashi-gashi iska na ɗaukarsa, in kin bar shi baɗi za ki gan shi ko'ina har gidan maƙwabta, to ko ki riƙa yanke furen da ya fara bushewa ko kuma ki tambayi mai shagon nau'in da ake kira Flore Pleno, shi ba ya yin iri. Na biyun ya fi muhimmanci: kar ki dafa shi ki sha. Na san halinmu, da mun ji an ce mutanen da sun yi magani da wani ganye sai a ɗora tukunya. Akwai sinadarai a jikinsa masu lalata hanta, don haka ado ne kawai, yara ma ki hana su sa shi a baki.

Sai wani malami daga Kano da ya ga hotonsa a intanet yana so ya yi odar irin daga waje ya shuka a tsakar gida. Malam ka riƙe kuɗinka. Tsiron ƙasar sanyi ne mai son jiƙaƙƙiyar ƙasa kullum, zafin Afrilu na Kano da ke haura digiri 40 zai ƙone shi ko kana ban ruwa safe da yamma, ga shi shigo da iri daga waje sai da izinin NAQS, hukumar da ke sa ido kan shigo da tsirrai da dabbobi Najeriya. Kuma akwai ɗan'uwansa da ya zo daga nahiyar Amurka ya zame wa manoman kudu alaƙaƙai, wanda ake kira Awolowo a kudancin Najeriya, a Ghana kuma Acheampong, ya mamaye gonaki da saura ba a iya rabuwa da shi ba har yau, shi ya sa ba na son a riƙa kwaso baƙon tsiro haka kawai. In fure kake so da ƙudan zuma ka shuka zogale a gefen katanga, ka jera zoɓo da rama a gabansa da ruwan farko ya sauka. Ramar ma ganyenta irin wannan yatsun ne, ga fure mai kyau ga kwaɗo, irin kuma a kasuwar Rimi ko wajen duk wani mai lambu na kusa da kai za ka samu.