Mita mara waya a kan keken kishingiɗe

Kai yaro, ka ce ka ɗaura mitar nan mara waya ta auna gudun keke a keken kishingiɗen da aka kawo, wanda mahayi ke tuƙawa a kishingiɗe, ƙafafu a gaba, taya na juyawa amma allo bai motsa daga sifili ba, wai ko ta lalace. Ka ɗauki tef ka auna tazarar da ke tsakanin allon da tayar gaba tukuna? Ba ka auna ba. Ku yaran yanzu da abu ya ƙi aiki sai ku yanke masa hukunci, hannu ɗaya a kan sifana, ɗayan a kan wayarku.

Ƙananan mitocin nan, irin na CatEye masu sauƙin kuɗi, suna da sansa, ɗan abin da ke ƙirga juyin taya, a jikin fok, wato ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba, kuma saƙon da take aika wa allo iyakarsa santimita 70. A keken da ka saba, daga fok zuwa kan keke bai kai haka ba. Na kishingiɗe kuwa tayar gabansa yawanci inci 20 ce, fok gajere yana can ƙasa, kan keken kuma yana wajen ƙirjin mahayi, wani ma ƙarƙashin kujera. Sai tazarar ta haura santimita 100. Ga ƙarfen firam a tsakani, ga ƙafafun mutum suna kai da komo.

Wannan tazarar ce wani mutum ya cuce ni da ita, har yau ban huce ba. Ya zo da irin keken nan, ya ɗauki mita sabuwa fil a leda. Na ce masa ba za ta kama daga inda yake son kafa ta ba, ya ce ya fi ni sanin kekensa, da kansa zai ɗaura. Ya dawo yana ɗaga murya a bakin shago, maƙwabta na ji, wai na sayar masa da jabu. Ya yanke robobin ɗauri, ya karce allo, kwali babu. Don gudun surutu na mayar masa da kuɗinsa, ya kuma ƙi barin mitar, wai zai kai wa masana su duba. Daga baya a titin Zariya na gan ta a keken ɗansa, tana ƙirga lafiya ƙalau. Allah ya isa.

To, saurara. Matsar da sansar sama iyakar yadda fok ya bari, maganaɗisun da ke jikin sifok ya bi daidai layinta, ratar da ke tsakaninsu kada ta wuce milimita 5. Allon kuma sauke shi daga kan keke, ka kafa shi a bututun gaba mai ɗauke da feda, bayansa na fuskantar sansar, inda mahayi zai hango. Sa sabon batir CR2032 a duka biyun, ka gwada da mita mai auna wuta ka ga bolt 3, don batirin da ya sha ranar Kano a kan tebur ƙarfinsa ya ragu, nisan saƙo kuma ya ragu da shi. Fitilar LED kada ta zauna kusa da allon, tana rikita shi. Kuma kada ka gwada a kan sitan kawai, a hau a taka.

In duk da haka ta ƙi, ko dai mai keken ya sayi mai ANT+ ko Bluetooth, wasu hanyoyin aika saƙo ba waya waɗanda ke kai 'yan taku da dama, ko a sa mai waya. Ni mai waya na fi yarda da ita: sili biyu ne kacal, ka yanke, ka ƙara tsawo, ka kama da dalma, ka naɗe.

Sai lambar taya, wato tsawon kewayenta a milimita da ake shigar wa mita. Mitar kan zo da lambar babbar taya, wajen 2096, alhali taya mai girman 20 x 1.75 kewayenta wajen milimita 1515 ne. Ka bar ta haka, mutum na gudun kilomita 20 a awa za ta nuna masa kusan 28. Sa alli a ƙasa daidai bawul, mai keken na zaune a tura zagaye ɗaya, ka auna, ka shigar da abin da tef ya ba ka.