Amsa ga 'yar'uwar da ta tarar da zomaye cikin wahala a shago

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Na ga tambayarki tun jiya bayan isha'i, amma na ce bari gari ya waye in rubuta a nutse, don maganar ta fama mini tsohon ciwo. Ga waɗanda ba su gani ba: ta shiga wani shagon sayar da dabbobin gida a nan Kumasi don sayen abincin kyanwa, sai ta tarar da 'ya'yan zomo wajen goma a cushe cikin keji ɗaya a bakin ƙofa, rana na dukansu, ba ko ɗigon ruwa. Biyu kunnuwansu sun yi ɓawo, ɗaya kuma ya miƙe yana haki. Tana tambaya ko ta saye su ta cece su, ko ta ɗauki hoto ta watsa a Facebook, ko kuwa akwai inda ake kai ƙara.

Abu na farko, kuma na san ba shi kike son ji ba: kada ki saya.

Ni na taɓa saya. Shekarun baya ina dawowa daga kasuwa na ga guda huɗu a irin wannan hali, kowanne bai cika tafin hannu ba. Tausayi ya kama ni, ban ko taya ba, na biya abin da mai shagon ya faɗa, na zubo su a kwali na hau motar haya ta trotro zuwa unguwar Aboabo ina jin kaina kamar wanda ya 'yanta bayi. Kafin sati ya zagayo uku sun mutu da zawo. Na huɗun ya rayu, amma ya shafa wa zomayena na gida ƙwarin kunne, na yi wata biyu ina fama. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar da na sake bi ta wurin bayan kwana goma: kejin nan dai, cikin ranar nan dai, sai dai yanzu takwas ne a ciki. Da kuɗina ya saro su. Shi a ganinsa ya samu mai saye ne wanda ba ya taya, kuma ya gane cewa ƙanana masu ban tausayi su ke tafiya da wuri. In akwai wanda kika ga yana gab da mutuwa kuma zuciyarki ta kasa ɗauka, ki roƙe shi ya bar miki shi kyauta tunda asara ce dama, ki kai wa likita. Amma kada kuɗi ya shiga tsakani.

Kafin ki koma ki yi masa magana, gara ki san abin da idonki ya gani, don mai shago na gane wanda ya san kaya da wanda tausayi kawai ya kawo shi.

Hakin nan shi ya fi gaggawa. Zomo ba ya zufa kamar mu, ta kunnuwansa yake fitar da zafin jiki, shi ya sa in kin ɗaga kunnen ga haske za ki ga jijiyoyin jini birjik. Da zarar zafi ya wuce digiri 30 ya fara shan wuya, mu kuwa a nan Fabrairu da Maris mun fi haka tun kafin azahar, balle a ƙarƙashin rufin kwano ko a bakin kwalta. Zomo da hanci yake numfashi. Ranar da kika ga ya buɗe baki yana jan iska, to ajali na kusa. Ba a tsoma shi cikin ruwan sanyi. A kai shi inuwa, a shafa wa kunnuwan ruwa da hannu, a naɗe fiya wata mai ƙanƙara a tsumma a ajiye gefensa ya jingina. Kuma tunda maganar kunne ta zo: ɗaga zomo da kunne da muka tashi muka ga ana yi, cuta ce. Yana jin zafi, ya yi ta shure-shure a iska, ƙafafunsa na baya kuwa suna da ƙarfin da har ƙashin bayansa yana iya karyewa. Hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya ya tallafi gindi, a rungumo shi jiki.

Rashin ruwan kuwa, ina iya rantse miki in kin tambaye shi zai ce zomo ba ya shan ruwa, wai ruwan ganye ya ishe shi, wasu ma har cewa suke in ya sha mutuwa zai yi. Da wannan magana aka raine mu duka, kuma ta kashe zomaye fiye da kyanwa da ɓera. Babban zomo yana iya shanye kofi guda a yini, uwa mai shayarwa ta ninka haka.

Sai ƙanƙantarsu, wadda ita ce tushen ɓarnar. Zomanya na ɗaukar ciki kwana 31 ko kusa da haka, 'ya'yan su buɗe ido wajen kwana goma, su fara fitowa suna ɗan tsinkar ciyawa a sati na uku. Daidai lokacin ne suka fi kyau a ido, kuma daidai lokacin ne masu kiwo marasa haƙuri ke kwashe su daga uwar su kai shago, alhali kamata ya yi su kai sati shida zuwa takwas kafin a yaye su. Cikinsu bai yi ƙwari ba, sai a tura musu burodi da abincin kaji da ragowar kabejin da ya kwana, ga kashi na zuba cikin abincin. Zawo ke nan, zawon ɗan zomo kuwa ba ya kwana biyu. Ana cewa zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. A wannan ciniki maratayin mu ne, iyayen da yaro zai nuna ɗan mitsitsin ya ce shi yake so, mu ciro kuɗi.

Abincinsa na gaskiya ciyawa ce da harawa, su ne mafi yawa, sauran duk ƙari ne. Haƙoransa ba sa daina tsiro har ya mutu, tauna ciyawa ce ke goge su, kuma cikinsa ba ya son tsayawa ko kaɗan. Zomon da ya yini ya kwana bai ci ba, bai yi kashi ba, ba yanga yake yi ba, ciwo ne babba. Harawar gyaɗa ko ta wake da ake sayar wa masu raguna ta wadatar, a haɗa da ganyen dankali da ɗan zogale, a bari su sha iska kafin a ba su.

Ɓawon kunnen wasu ƙananan ƙwari ne ke jawo shi, kuma yana bin keji gaba ɗaya. Kada a ɓamɓare, ƙarƙashinsa ɗanyen ciwo ne. Kada kuma a zuba baƙin man mota kamar yadda na ga wasu na yi. Likitan dabbobi na da allurar ivermectin, a yi a maimaita bayan kamar sati biyu, ɓawon ya zube da kansa. In kin ga mai atishawa da farar majina, gashin ƙafafunsa na gaba ya dunƙule saboda goge hanci, wannan a ware shi nan take. Don Allah kowa ya ji wannan: kada a buɗe kafson amoxicillin na mutane a ɗura wa zomo. Yana kashe ƙwayoyin da ke narka masa abinci a hanji, maganin ya riga cutar kai shi.

To, yaya za ki tunkari mutumin? Da na sha kashi a karon farko, sai na canza salo, kuma da shi wancan mai shagon na gwada. Na je da sassafe kafin masu saye su taru, don ba namijin da zai karɓi gyara a gaban jama'a a bakin shagonsa. Ba Bahaushe ba ne, dattijo ne Ba'asante, na ce masa Wofa, wato kawu a yarensu, na gaishe shi har da tambayar iyali, na sayi dusa ta 'yan sidi. Ban ce masa yana zaluntar dabba ba. Cewa na yi ni ma ina kiwo, na tambaye shi cikin goma da yake sarowa nawa ke kaiwa hannun mai saye da rai. Ya yi shiru, sannan ya fara zayyano mini asararsa da kansa, yana ɗora laifin a kan masu kawo masa. Daga nan maganar ta zama ta jarinsa, kuma wannan yare kowane ɗan kasuwa na jin sa. Washegari na kawo masa kaskon ƙasa mai nauyi wanda ba za su kifar ba, da ɗaurin harawa, da guntun katako da za a shimfiɗa kan ragar don tafin ƙafarsu ya huta. Muka ja kejin baya taku uku zuwa inuwa, nesa da na 'yan kwikwiyo, don zomo abin farauta ne, haushin kare a kunnensa yini guda ma azaba ce. Muka rataya jiƙaƙƙen buhu ta gefen da rana ke bugowa. Duk abin bai kai kuɗin zomo ɗaya ba.

Ba zan yi miki ƙarya in ce ya zama waliyyi ba. Ruwan ya riƙe, inuwar ya riƙe, harawar sai in na tuna masa. Cunkoson bai taɓa dainawa ba, musamman dab da salla da Kirsimeti. Amma ya daina karɓar 'yan sati uku, don ya ga da idonsa cewa manyan ba sa mutu masa.

In kin yi haka sau biyu sau uku ya ce ki fita masa daga shago, sai a hau mataki na gaba. Mu a Kumasi akwai asibitin dabbobi na gwamnati a Amakom, kuma ma'aikatar abinci da noma na da jami'an kula da lafiyar dabbobi a gundumomi. Ki je da hotuna, da ranar da kika ɗauka, ki faɗi abin da kika gani ba ƙari: guda nawa, ba ruwa, ga ciwo a kunne. Ki jaddada musu maganar cuta mai yaɗuwa, don nan ne aikinsu ya fi ƙarfi. Masu kiwo ba su manta 2019 ba, lokacin da wata cuta ta afka wa zomaye a yankin Accra, zomo lafiya lau da dare, da safe gawa, wani da jini a hanci. Irin wannan cuta har a takalmi da tufafi take tafiya, saboda haka in kina da zomaye a gida ki wanke hannu ki canza kaya bayan kin fito daga shagon, sabon zomo kuma a ware shi wata guda kafin ya haɗu da na gida. In akwai zarni da mushe da ke damun maƙwabta, wannan aikin tankas ne, wato jami'an duba-gari. A Accra akwai ƙungiyar kare dabbobi ta GSPCA da za ki iya neman shawararta. Doka ma tana nan: sashe na 303 na dokar laifuffuka ta 1960, wadda ake kira Act 29, ya hana azabtar da dabba da jawo mata wahala ba gaira ba dalili. Sanin wannan yana da amfani a baki, amma ni ba da shi zan fara ba.

Maganar Facebook, ra'ayina ki bari. Da ya ga shagonsa na yawo a waya, ba gyarawa zai yi ba, bayan shago zai mayar da kejin inda ba iska ba ido, ke kuma ƙofar shiga ta rufe miki. Ga shi garin nan kowa surukin kowa ne, kafin la'asar an kira mijinki ko babanki. In wayar da kai kike so, ki sa hoton kunnen zomon kaɗai, ba allon shago, ba fuskar mutum, ki yi bayanin abin da mai saye zai duba.

Na ga wani ɗan'uwa ya rubuta a ƙarƙashin tambayarki cewa mutane ma na kwana da yunwa, wa ke ta zomo, wai wannan damuwar Turawa ce. Malam, da girmanka, ban yarda ba. Tun muna allo aka karantar da mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba. Keji ba ruwa da me ya bambanta? Ni ina yanka zomayena in ci, ina sayarwa, ban ga inda wannan ya ba ni izinin barin su da ƙishi ba. Kuma kiwon nan ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Zamanin shugaban mulkin soja Acheampong, da aka shigo da shirin ciyar da kai a 1972, har gonar zomaye ta gwamnati aka kafa a Kwabenya, wajen Accra, ana raba iri. A lokacin ne mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya haɗa akurkin gora mai dogayen ƙafafu a gindin mangwaro, ya sa gwangwanin ruwa a ciki, maƙwabta na yi masa dariya wai yana shayar da zomo. Nasu na mutuwa da bazara, namu na haihuwa.

'Yar'uwa, in shagon bai yi nisa da Asawase ko Aboabo ba, ki turo mini kwatance ta gefe, kada ki rubuta a nan. Ranar Asabar bayan na sallami yara zan iya zuwa da ɗana, ina da kasko biyu da ba na amfani da su da ragowar harawa. Ke ki riga mu zuwa ki sayi abincin kyanwarki kamar kullum, ki duba mini ko mai hakin nan yana nan da rai.