Shin ana iya gurfanar da tsohon shugaban ƙasa a kotu?

Tambaya: Barista, gardama ta kaure a majalisarmu ta mai shayi a Unguwar Rogo, Jos. Wasu sun ce wanda ya taɓa shugabancin Najeriya yana da rigar kariya har ya koma ga Allah. Haka ne?

Amsa: Malam, ba haka ba ne. Sashe na 308 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba mutum huɗu kariya: shugaban ƙasa, mataimakinsa, gwamna da mataimakinsa, kuma muddin suna kan kujera kawai. Ranar da aka rantsar da magajinsa, rigar ta tuɓe. Ko yana kan mulki ma, Kotun Ƙoli ta yanke a 2002, a ƙarar da Gani Fawehinmi ya shigar, cewa 'yan sanda na iya bincikensa, gurfanarwa ce kaɗai ke jira.

Ku mutanen Filato kun gani da idonku. Joshua Dariye ya sauka daga kujerar gwamnan Filato a 2007, EFCC ta kai shi kotu, aka yi ta jan shari'a shekara goma sha ɗaya. A 2018 Babbar Kotun Abuja ta ɗaure shi shekara 14 kan kuɗin gyaran muhalli, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 10. Dokar da ta kama gwamna ita ce ke kan shugaban ƙasa.

To me ya sa har yau ba a gurfanar da ko ɗaya kan abin da ya yi a mulki ba? A nan ne abin ke ci mini tuwo a ƙwarya. Antoni Janar, wanda Sashe na 174 ya ba ikon karɓe ƙara ko janye ta, shugaba mai ci ne ke naɗa shi. Haka shugaban EFCC. Sannan duk tsofaffin shugabanni mambobi ne na Majalisar Ƙoli ta Ƙasa, wadda ake tuntuɓa kafin a yi afuwa. Ta nan aka yafe wa Dariye da Jolly Nyame, tsohon gwamnan Taraba, a 2022. Ka duba kwamitin Oputa da ya binciki take haƙƙin ɗan Adam: Buhari da Babangida da Abdulsalami sun ƙi bayyana, a 2003 Kotun Ƙoli ta ce kwamitin ba shi da ikon tilasta musu.

Wasu ƙasashen sun yi. An yi wa Hissène Habré, tsohon shugaban Chadi, ɗaurin rai da rai a Dakar a 2016, Muritaniya kuma ta ɗaure tsohon shugabanta Ould Abdel Aziz a 2023. Ka gaya wa 'yan majalisarku, abin da muka rasa a nan mai gabatar da ƙara ne da ba ya jiran umarni daga fadar shugaban ƙasa.