Waƙoƙin da za ka tafi da su tsibirin da babu kowa

Ka tambayi waƙoƙin da za ka zaɓa in ka maƙale a tsibiri kai kaɗai. Ɗan'uwa, bar wadda ke tashe yanzu. Amshinta gajere ne, kafin mako ta gundure ka. Nemi doguwa mai baitoci da yawa, wadda kullum kunne zai tsinci sabon abu. Na begen gida kuwa ka rage su, da dare suna karya zuciya.

Wurin ajiya a na'urar da za ka saurare su ba damuwa ba ne: in waƙoƙin MP3 ne masu 128 kbps (ma'aunin ingancin sauti), gigabait 1 na ɗaukar kusan awa 17. Batir ne matsalar, ga gishirin teku na cinye ramin caji. Saboda haka fifita waɗanda ka haddace, don ranar da na'urar ta mutu, bakinka ne zai rera su.